Malam Sanusi, Mai Rijiyarmu

Ina tsakiyar darasi, da alli a hannuna, wayata ta yi ta ɓari cikin jaka. Da na fita na ɗauka, sai na ji muryar Hajiya Rabi, matar Malam Sanusi, daga Dakoro: "Hadiza, babanku ya tahi. Bayan azahar za a kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban koma ajin ba. Na shiga motar Dakoro ina sane da cewa ba zan tarar da jana'iza ba, kuma ban tarar ba.

Malam Sanusi ba shi ya haife ni ba. Malamin shari'a ne a jami'armu, ɗan Dakoro kamar ni, kuma shi ya jawo ni cikin aikin da ya ƙarar da ƙarfinsa a kai. Ni harsuna na karanta, ban san kome cikin doka ba. Da na gaya masa haka, sai ya yi dariya ya ce: "Ɗiyata, mu da munka karanta ta, ba mu taɓa jan guga ba. Taho ki zamna."

Abin da ya kafa ƙungiyar bincike ce kan rigimar rijiyoyi da burtali tsakanin manoma da makiyaya a ƙasar Dakoro. Ya tara masana doka, da likitan dabbobi, da mai zanen taswira, da malamin tarihi, da ni. Hukumar jami'a ta ba ƙungiyar wani dogon suna na Faransanci, shi kuwa Zaure yake ce mata. Ya fitar da kujeru daga buro ɗinsa, wato ofishinsa, ya shimfiɗa tabarmi. Duk wanda zai shiga sai ya tuɓe takalmi, Malam yana cewa: "Ka aje digirinka cikin takalmin, ba mai sace ma shi." Na ga manyan malamai suna cika suna batsewa a bakin ƙofar nan, suna kwance igiyar takalmi. Shi ke dafa shayi, kuma shi ke shan kofin ƙarshe.

Aikinmu mafi nauyi shi ne na wata tsohuwar rijiya arewa da Rumbu. Dangin Baba Aggali, wani dattijon makiyayi, su suka gina ta tun kakanni, kuma garkunan mutane da yawa a nan suke kwana da rai idan rani ya tsananta. Kwamitin filaye ya nemi mu rubuta masa rapor, mu faɗi ko rijiyar ta wane ce. Kowa a wurin ya ce ɗan yayan Aggali ne mai rijiya, don shi ya gaji babban ɗaki. A nan Malam ya kafe. Ya ce a bakin makiyaya, mai rijiya shi ne wanda dabbobinsa ke fara sha, wanda ke gyara bakinta idan ya rufta, wanda kuma kunya ke hana shi ya kori baƙo da ƙishirwa. Kalmar Faransancin da ta fi kusa kuwa, mamallaki take nufi, wanda zai iya sayarwa ya kulle. "In kunka rubuta wagga kalma," in ji shi, "kun ba mutum kwaɗo da makulli." Ni ya ɗora wa nauyin nemo yadda za a faɗi abin da Faransanci ba tare da an kashe ma'anarsa ba. Na rubuta shafuna, muka zauna a tabarma muka tsefe su, kowa ya ce ya gamsu.

Ina so masu karatu su riƙe wannan: kowa ya gamsu. Ba jahilci ne ya kawo abin da ya biyo baya ba.

Sai furoje, wato aikin masu ba da kuɗin tallafi, ya shigo Zaure, da mota kat-kat da na'urar sanyaya ɗaki. Sai ciwon ƙoda ya kwantar da Malam, aka mai da shi gida Dakoro. Kafin damina ta fita an naɗe tabarmi. An raba Zaure gida-gida, masana doka a sama, sauranmu a ƙasa muna aika musu da abin da suka nema. Suka ce masu furoje suna gaggawa, kuma shafunana sun yi tsawo, alƙali ba shi da lokacin tatsuniya. Na yi magana har muryata ta dushe. Wanda ya hau kujerar Malam ya ce mini: "Madam, ke aikinki fassara ne, doka ki bar mamu." Suka sa kalmar nan ɗaya da Malam ya hana.

Da takarda ta fito, ɗan yayan Aggali ya sayar wa wani mai garke daga birni da rijiyar. Yau akwai waya kewaye da rijiyar, da ƙofar ƙarfe, da kwaɗo. Baba Aggali, wanda kakansa ya haƙa ta da hannu, sai ya kora raƙumansa zuwa wata mai nisa, ya jira masu ita su gama.

Na je duba Malam bayan haka, na yi niyyar ɓoye masa. Ashe labari ya riga ni. Yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura, bai zagi kowa ba, ni ce ma na yi ta zagi yana tsawata mini. Abin da ya ce kawai: "Ruwan da na sha ina yaro kenan, lokacin da nike bin babana fatauci. Ba a tambaye mu ko mu su wa ne ba." Ya juya fuskarsa bango. Cikin waɗanda ya dafa wa shayi, ban da ni, ban ji wanda ya tako ya gaishe shi ba.

Amma ranar addu'ar uku sun zo, cikin kat-kat, da manyan riguna. Sun tuɓe takalma, tunda a kan tabarmar makoki ba yadda za su yi. Shugabansu ya miƙe ya yi jawabi mai daɗi, ya ce marigayi shi ne mai wannan ƙungiya, kuma za a rubuta sunansa a ƙofar sabon ɗakin taro. Raina ya ɓaci har na ji ɗacinsa a harshe. Na san ƙofar, da makulli ake buɗe ta, kuma ni ba a ba ni ba.

Suna cikin haka Baba Aggali ya iso, ya yi tafiya mai nisa, rawaninsa duk ƙura. Kafin ya gama sallama, Hajiya Rabi ta aiko masa da ruwa a kwanon sha. Ya shanye, ya riƙe kwanon, ya dubi mutanen kat-kat ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce: "Mai gidan ya kwanta dama, amma gidan bai kulle ba. Alhamdu lillahi." Ya zauna ya yi addu'arsa. 

Ya Allah, ga bawanka Sanusi ya zo maka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, shi da bai taɓa hana kowa sha ba. Ka ba Hajiya Rabi da ƴaƴansa haƙurin rashinsa, ka zama gatansu. Ka sanyaya mini zuciya, don har yanzu ban huce ba. Kuma ya Allah, rani na tafe: ka buɗe wa Aggali rijiyar kakansa. Amin.