Kujerun da muka jera wa Usmanu

Shekara bakwai ke nan da ƙanena Usmanu ya rasu a gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka. Aka sallace shi a Masallacin Harami, aka binne shi a maƙabartar Shara'i. Muka yi hayar kujeru muka jera a layi don zaman makoki, kamar yadda kowa ke yi a Makka. Kwana uku suna nan, yawancinsu babu kowa a kai.

Ni direban tasi ne, ban yi makaranta ba. 'Yarsa Maryam ce ke rubuta abin da nake faɗa. Usmanu ne ya yi karatun. Ya tafi Turai da ƙuruciyarsa, ya zama farfesan tarihi, ya koyar a can har ciwo ya dawo da shi gida. Aikinsa binciken addinin Turawa ne na shekaru ɗaruruwa da suka wuce, lokacin da Kiristoci suka rabu biyu, Katolika da Furotesta. Na taɓa tambayarsa me ya kai Musulmi ɗan Makka tonon rigimar coci. Ya yi dariya.

"Yaya, ba cocin nake karantawa ba. Maƙwabta nake karantawa. Yadda mutum ke cin abinci da kai shekara da shekaru, ranar da ka mutu ya ce ba za a binne ka kusa da ubansa ba."

Wani hutu da ya zo, ya manta wani littafi da ya rubuta a kujerar bayan motata. Akwai gicciye a bangon. Na ɗauko Salisu mai baƙala, kantin kayan masarufi na layinmu, ya gani, ya juya shi da ɗan yatsa ɗaya. Bai tambaye ni ba, bai tambayi Usmanu ba. Kafin hutun ya ƙare, daga Hindawiyya har unguwar Tandabawi ana cewa Usmanu ya bar addini. Tare suka yi allo da Salisu. Salisu yana ganinsa a sahun salla, sai ya ce ai don idon mutane ne. Usmanu ya hana ni yi masa magana, wai zancen zai wuce. Har ya mutu bai wuce ba.

Bayan an kwashe kujerun makokin, Maryam ta ce wani tsohon Bature abokin aikin babanta ya sauka a Jidda, yana so ya yi mana gaisuwa. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, kuma ya sani. Muka same shi a wani gidan mai a hanyar Jidda, kafin shingen bincike, yana tsaye a rana da sandarsa, ya cire hula. Maryam ta yi tafinta. Ya ce shi da Usmanu sun yi shekaru suna karanta tsofaffin takardu a ɗakin ƙasa na wani coci, kuma duk azahar Usmanu kan shimfiɗa kwat ɗinsa tsakanin akwatuna ya yi salla, har mai gadin wurin ya riƙa ƙwanƙwasa masa ƙofa in lokaci ya yi. Ni ba na neman shaida a kan ƙanena. Amma na tsaya ina kallon tsohon da ya keto ƙasashe ya tsaya iya inda aka ce ya tsaya, alhali mutanen da ƙofarsu ke kallon tamu sun kasa tsallako layi.

Yanzu jikokin mutanen nan suna zuwa Turai karatu, ana raka su filin jirgi da addu'a. Wasu har wurin Maryam suke zuwa ta gyara musu Turanci. Da Usmanu yana nan, shi zai zaunar da su, ya haɗa musu shayi, ya gaya musu inda za su sami masallaci. Ni in sun shigo fita nake yi.

Watan jiya Salisu ya rasu. Aka jera kujeru a layin nan, a daidai inda muka jera namu. Na ce ba ni zuwa. Maryam ta ajiye mini takalmana a bakin ƙofa.

"Baffa, abin da Baba ya ƙare rayuwarsa yana karantawa ke nan. Kada ka zama ɗaya daga cikinsu."

Na ɗauki makarar Salisu a kafaɗata. Bayan magariba na je na zauna a kujerarsu, na yi wa 'ya'yansa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Da aka miƙo gahawa ban karɓa ba. Kada wani ya ce na yafe. Na je ne saboda Usmanu, kuma iyakar abin da ya iya sa ni ke nan.

Littattafansa suna ɗakin Maryam, ban iya karanta ko layi ɗaya ba. Mai gicciyen nan na mayar da shi motata, a gaba, inda fasinja zai gani. Usmanu yana Shara'i, a kabarin Musulmi, babu suna a kai. Allah ya jiƙansa. Ni ina Hindawiyya, ina tuƙi, kuma duk wanda ya taɓa littafin nan sai ya ji wane ne ya rubuta shi kafin ya sauka.