Ƙudan Baba Yohanna

Har yau ban manta da ranar da Baba Yohanna ya miƙo mini wata 'yar kwalba a Fadan Kagoma ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen binciken ƙwari a Kafanchan, muna bin baƙin ƙudan rafi mai jawo makanta. Yadda aikin yake, mutanen ƙauye ke zama bakin ruwa su naɗe wando, ƙuda na sauka a ƙafarsu su kife shi da kwalba. Ni kuma in zuba sifirit, in rubuta wuri da rana a guntun takarda, in jefa ciki. Doka ce da fensir ake rubutawa, domin sifirit na cinye tawada.

Baba manomin citta ne, ya fi kowa daɗewa a kamun. Ya ce, "Oga, wannan ba irin na kullum ba. Ƙafa nashi fari." Ya shiga yi mini kwatancen wani ɗan rafi a bayan duwatsu. Ni kuwa da sabuwar takardar shaidata a ka, na ɗauka surutun tsofaffi ne. Ina ta "to, Baba" alhali hankalina na kan in hau babur in tafi. Fensirina ya ɓata, na zaro biro na rubuta.

Sai bayan damina biyu shugabarmu, Dakta Ngozi, ta kai ga kwalbar. Ta daɗe a kan madubin ƙara girma, tana duba jijiyoyin fiffike da gashin ƙafa, tana buɗe littattafai. Ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. In aka samo wasu a wurin, ya tabbata sabon jinsi ne, sunan wanda ya kama za a sa masa. Ta zaro takardar, ga ta fara fat.

"A ina aka kama?" ta tambaye ni.

Kunya ta rufe ni. Washegari na tafi Fadan Kagoma, na tarar Baba ya rasu tun kafin Ista. Matarsa ta ce kullum sai ya tambaya ko Oga ya duba ƙudansa. Damina uku ina bin rafukan yankin, ban dace ba.

Shi ya sa nake takura muku, ku sababbin ma'aikata, a kan fensir. Amma laifin biro kaɗan ne. Baba ya faɗa mini wurin da bakinsa, ni ne ban saurara ba.