Tsagar da Muka Shafe da Fenti

Gidan da muka saya a unguwar Ulaisha tsoho ne, kuma tsufansa ne ya sa muka iya sayensa. Na yi shekaru ina aikin tafinta a wani kamfanin shigo da kaya, ina yawon haya tsakanin unguwannin Shifa da Aziziya, kafin a ba ni izinin mallakar gidan zama. Mai gidan, wani dattijon Balarabe, bai ɓoye mini komai ba. Ya nuna mini tsagar da ta taso daga gindin bangon falo har kusa da rufi, ya kai ni ɗakin baya inda daɓe ya lotsa. Tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, wanda a nan ake kira hazzan, shi ne ya daɗe yana yoyo yana cin tushen ginin. Ya rage farashi sosai, da sharaɗin harajin cinikin yana wuyana. Na yarda, na biya.

Bayan wasu watanni sai ya kira ni. Ofishin haraji ya aiko masa da saƙo cewa farashin da muka rubuta ya yi ƙasa da darajar gidajen layin. Sun yi nasu ƙiyasin, suna neman a cika bambancin harajin, da tara a kai. Dattijon ya tuna mini da sharaɗinmu cikin ladabi. Ɗan abin da ya rage a hannuna kuwa na gyaran hazzan ne da tushe, kuma duk maginin da ya ga bangon ya ce kada in bar shi ya ƙara shekara a haka. In kuɗin ya tafi haraji, gidan zai ci gaba da nutsewa muna ciki.

Akwai damar shigar da ƙorafi, amma sai da rahoton mai ƙiyasin gidaje wanda yake da lasisi, kuma akwai wa'adi. Dattijon bai buɗe saƙon da wuri ba, don haka yawancin kwanakin sun riga sun tafi. Ya ba ni wakilci a rubuce. Da kyar na sami mai ƙiyasin da zai zo ranar Lahadi, kwana uku kafin wa'adin ya cika.

A nan na yi kuskure. Aiki ya kai ni Dammam na kwana biyu, ina fita na ce wa matata, baƙo zai zo ranar Lahadi ya duba gida. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce mata aibin gidan ake so ya gani ba.

Da na dawo ranar Asabar da la'asar, tun daga ƙofa warin fenti ya tarye ni. Falo fes. Bangon da ya tsage ya koma sumul, an shafe shi da fenti ruwan madara, an rataya sabon labule. Akwai wani magini mutumin Maraɗi da yake zuwa shan shayi wurinmu duk Juma'a. Da ya ji za a zo duba gidan, shi ne ya kawo siminti da fenti ya yi aikin, ya ƙi karɓar ko riyal ɗaya.

Na ajiye jaka na tambayi wanda ya ce a taɓa bangon.

"Kai ka ce baƙo zai zo, Alhaji," in ji matata. "So kake ya shigo ya ga a kango muke kwana?"

Na yi mata bayani. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ita tun da aka kawo ta gidana ba ta taɓa barin baƙo ya ga abin kunyarmu ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata akwai ranar da za a so hakan. Na zauna a ƙasashe da dama. A Manchester na taɓa ganin matar da nake haya a gidanta tana jan ma'aikacin hukuma ɗaki ɗaki tana nuna masa danshi da ruɓaɓɓen katako don a rage mata haraji, ko gezau. A Kwatano kuwa na ga mai haraji yana ƙirga ƙofofi daga waje, ko shiga bai yi ba. Na san duk wannan, amma da ni aka bari a gida ban san dalilin zuwan ba, ni ma fenti zan saya. Mu haka aka rene mu.

Mai ƙiyasin ya iso da hantsi. Ɗan ƙasa ne mai matsakaicin shekaru, da allon kwamfuta a hannu da ƙaramar na'urar awo. Na zuba masa gahawa, ya kurɓa a tsaye. Ya dubi falon ya ce masha Allah, an kula da gidan nan. Ya ɗauki hoton bangon.

Na gaya masa akwai tsaga a ƙarƙashin fentin, jiya aka rufe ta. Ya ɗan yi murmushi, ya kira ni kawu da Larabci.

"Ya ammi, kullum ana ba ni labarin tsaga. Ni abin da idona ya gani nake rubutawa."

Ya ƙara da cewa yana da wani gidan da zai duba kafin azahar. Na koma gefe na kira maginin a waya, na ce ya bar duk abin da yake yi ya zo da kurfi da guduma. Ya ce yana unguwar Batha, ga cunkoso. Mai ƙiyasin ya auna falo, ya auna ɗakin kwana da kicin, yana dannawa a allonsa. Da muka zo lungun da ƙofar ɗakin baya take, sai na ga babu ƙofa. An jawo kabad ɗin kwanuka an tare ta.

Matata tana jin Larabci fiye da yadda take nunawa. Duk abin da aka faɗa a falo ta ji daga kicin. Sai ga ta ta fito da mayafi, ba ta dubi kowa ba, ta fara sauke kwanukan ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a ƙasa. Kwanukan aurenta ne, da su muka yi ta yawo ƙasa ƙasa. Na sa hannu za mu tura kabad ɗin, ta miƙo mini makulli.

"Buɗe masa. Ya ga komai."

Warin danshi ya fara fitowa. Bangon ɗakin ya yi fari da gishiri har gwiwa, tayil ya ɗaga a wani wuri ya nutse a wani. Mai ƙiyasin ya daina murmushi. Ya buɗe gorar ruwansa ya tsiyaya kaɗan a tsakiyar ɗakin, muka tsaya mu uku muna kallon ruwan yana gangarawa kusurwa da sauri. Ya tambayi inda murfin hazzan yake. Ya durƙusa a tsakar gida cikin wannan rana, ya haska ciki da wayarsa, ya daɗe bai ɗago ba.

Muna nan maginin ya shigo yana haki. Da ya gane abin da ake so ya yi, sai ya dube ni ya ce, "Baba, aikin da na yini ina yi?" Na ce shi. Ya sa kurfi ya bi layin da shi kaɗai ya san inda yake. Simintin bai gama ƙarfi ba, ya riƙa zubowa a kan sabuwar darduma, tsagar tana fitowa daga ƙasa zuwa sama. Mai ƙiyasin ya zura yatsu biyu a ciki, ya sake ɗaukar hoton bangon, ya goge na farko a gabana.

Rahoton ya zo ana gobe wa'adi zai cika, na shigar da ƙorafin a ranar. Makonnin da suka biyo baya, duk saƙon da ya shigo waya sai in yi sauri in duba. A ƙarshe dattijon ya kira. Masu harajin sun sauke ƙiyasinsu, bai kai farashinmu ba amma ya matso kusa, kuma sun janye tarar. Bayan na cika bambancin, abin da ya rage ya ishe mu gyaran hazzan da tushen ɗakin baya. Bangon falo sai da ya jira wata shekarar.

Duk tsawon shekarar ba wanda ya ga tsagar. Tun ranar Lahadin nan, mai ƙiyasin bai kai bakin layi ba matata ta matsar da labulen ta rufe wurin, ta share simintin, ta mayar da kwanukanta cikin kabad.