Gaba Casa'in na Malam Baƙo

Kowace safiya, da ya idar da sallah ya kurɓi kununsa, Malam Baƙo yakan turo kekensa zuwa rumfarsa da ke bayan tashar kamiyo, wato manyan motocin kaya, ta Gaya. Turawa yake, ba hawa ba, don naɗin waya da awartaki da tsofaffin rediyoyi sun cinye wurin zama. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan hanya. A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, hannu ya fara rawa, dalma ba ta zama inda ya ɗiga ta.

Masu gyaran rediyo ba su yi wa Gaya kaɗan ba. Abin da ya raba Baƙo da su shi ne sanin wayar da ake shimfiɗawa a fili don rediyo ta ji nesa. Ba ya awo da metir. Yakan buɗe hannuwansa biyu iyakar buɗewa, daga yatsa zuwa yatsa gaba ɗaya ke nan, ya yi ta ƙirgawa leɓe na motsi. Wanda ya yi masa magana yana tsakiyar ƙirga, to ya ja wa kansa, don sai an koma daga farko. Mutum ne mai taurin kai, wannan kam ko masoyansa ba sa musu.

Mutanen ƙauyen Tanda su ne shaidun aikinsa na bara. Akwai wani dattijo a can, Malam Alassan, tsohon mai buga tangaraho a gidan waya. Da ya yi ritaya sai ya nemi izini ya ajiye irin rediyon nan da masu sha'awa ke kiran juna da ita daga nesa. Abokinsa na ƙuruciya, Yazidu, shi ma yana da tasa, a wani ƙauye can cikin duwatsun arewa inda rezon salula ba ya kaiwa. Kowace Juma'a bayan asuba sukan gaisa, har ranar da suka yi cacar baki kan wata tsohuwar magana ta wurin aiki, Alassan ya gaya masa mai zafi ya kashe rediyo. Shekara uku ba wanda ya kira wani.

Sai wani direba ya kawo labari: Yazidu ya sami shanyewar ɓarin jiki, baki ya rufe, amma hannun dama yana aiki, yana iya ƙwanƙwasa haruffa irin na tangaraho. Alassan ya ji tsoro ƙwarai, kada abokinsa ya rasu da wannan magana a tsakaninsu. Ya kunna rediyo, Juma'a bayan Juma'a yana neman gafara. Amsa kuwa babu, sai shuuu da ƙugi. Unguwar ta cika da injinan wuta da na'urorin cajin salula, sun toshe wa rediyon kunne. Bai sani ba ko Yazidu ya ƙi amsawa ne, ko yana amsawa ba a ji, ko ma babu shi.

Kabiru ɗan Alassan, mai motocin dakon kaya, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ya tsallaka kogi zuwa kasuwar Malanbil ya sayo waya metir ɗari biyar, aka zagaya mangwaro da ita, aka bi ta kan katanga, aka karya kwana wajen rumbu, aka dawo. A ganinsa, yawan waya yawan ji. Kai! Sai ƙugin ya ninka. Juma'a bakwai suka wuce kafin a kira Baƙo.

Ya zo, ya bi wayar da ido, ya yi tsaki. "Kabiru, shanya za ka yi?"

"Baba Baƙo, ai mai tsada ce."

"Ban ce ba ta da kyau ba. Kwance ta."

Ya tambayi Alassan a kan wane zangon rediyo suke haɗuwa da Yazidu, aka ce masa na metir tamanin. Ya ce to, waya tana son ta yi tsawon zangon sau ɗaya ko sau biyu, a miƙe sak, bakinta na duban inda muryar ke fitowa. Gajeriya tana kwaso hayaniyar kowa da kowa. In ta yi tsawo ainun kuma jinta ya tsuke, kuskure kaɗan a saiti sai ta wuce mutumin da ake nema. Gaba casa'in yake so. Ya sa aka kwashe rediyon da batirinta zuwa bukkar gona, nesa da injina. Ya fuskanci alƙibla, ya karkata hagu har ya gamsu, ya ce, "Yazidu yana nan."

Aka fara awo. A gaba na saba'in gonar Alassan ta ƙare, saura ashirin suka faɗa cikin kuɓewar Inna Ladi, wadda ba a taka mata kunya a kwana lafiya. Kabiru ya ce a yanke a nan mana, ashirin ɗin me za su ƙara? Baƙo ya ce shi bai zo yin rabin aiki ba. Ya tuɓe takalmansa a bakin gonar, ya yi sallama.

"Inna, hanya muke roƙo ta sama. Ƙasa taki ce."

"Wayar taku tana cin kuɓewa?"

"Ba ta ci."

"Tana kiran tsawa?"

"In hadari ya taso, ni zan zo in cire ta da hannuna."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Duk wannan don tsofaffi biyu su shirya? To ku wuce. Amma wanda ya karya mini ko ganye ɗaya, zai ji a jikinsa."

Aka kakkafa sandunan giginya, aka ɗaga wayar daidai inda ƙahon saniya ba zai taɓa ta ba. A can ƙarshe Baƙo ya haɗa ta da wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, ya kai shi ga ƙarfen da ya buga a ƙasa, ya zuba ruwa guga biyu a gindin. Ya ce wannan ne ke hana ta sauraron abin da ke bayanta.

Malam Baƙo, kai ne ka ƙi yanke gaba ashirin don a gama da wuri. Kai ne damina guda kana turo keke daga Gaya zuwa Tanda duk ranar da gabas ta yi baƙi, saboda alkawarin da ka yi wa tsohuwa a bakin gonarta. Mai kunnen gari, ba a taɓa kiran sunanka a ko ɗaya daga tashoshin da ka jawo mana ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba hannun nan hutu. Masu sana'a kuma su duba: a auna kafin a yanka, a yi aikin ya cika ko ba mai dubawa.

Juma'ar da ta biyo bayan ɗaga wayar, gari na wayewa, suna bukka su uku. Alassan ya kunna. Ƙugin ya kwanta, sai ɗan huci. Ya kira, ya sake neman gafara karo na takwas, ya saki maɓalli. Can sai ga ƙwanƙwasa siririya, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba. Alassan ya runtse ido, hawaye na bin gemunsa.

Kabiru ya kasa haƙuri. "Baba, me ya ce?"

Alassan ya share fuska da hannun riga, yana dariya yana kuka. "Ya ce ya yafe tun Juma'ar farko. Sau bakwai yana faɗa mini. Wai ni ne dai har yanzu ba na jin magana."

Baƙo ya miƙe. Ya fita ya ƙara wa ƙarfen nan guga ɗaya na ruwa.