Lemun tsami a kan lamba

Wai wa ya fara gaya mana lemun tsami na kashe dafin lamba? Har yau ban sani ba.

Yau masu lambar rigakafin agana suka dawo unguwarmu Zongo da kamiyonsu, babbar motar nan. Na tarar maƙwabciyata Ramatu ta yanka lemo za ta goge hannun 'yarta inda aka yi mata lambar. Na buge lemon ya faɗi ƙasa!

Ta ce, "Iya, lafiya? Ke kika koya mini fa!"

Ni ce kuwa. Bara haka na goge wa jikata Zinatu, ita kaɗai ta rage mini bayan rasuwar maigidana. Lambar ba ta kama ba, agana ta kwantar da ita. Ran da za ta cika ta ce, "Kaka, ƙara mini lemon, bai yi aiki ba."