Shekara Ukun da Baba Ya Ƙara Mini

A shekararmu ta ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, mushen da ke koyar da mu ya ware ranar Asabar don koya mana neman aiki. Siririn mutum ne mai son jin muryar kansa. Ya nuna mana yadda ake rubuta takardar neman aiki: a bar fili faɗin yatsa huɗu a hagu, a fara da kirarin mai biro, wato shugaban ofis, a ƙare da ƙasƙantar da kai har ƙasa. Ya ce a yanke farce, a wanke wuya, kada a ci goro ranar zuwa, kada a zauna sai an ce zauna. In bature ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, kada ka sosa ƙeya. Duk na haddace su. Abu guda ne bai taɓa ce mana ba, wato kowa ya buɗe takardar haihuwarsa ya karanta abin da ke ciki.

Na ci satifika, ni ne na biyu a ajinmu, kuma ba na jin kunyar faɗa. Lokacin an fara raɗe-raɗin cewa nasara za su tafi, ana neman ƴan ƙasa masu kyan rubutu su zauna a biro. Sai aka liƙa sanarwa cewa za a yi kankur, jarrabawar ɗaukar komi, wato magatakarda. Albashi duk wata, wandon kaki, wataƙila har keke. Ni ɗan manomin gyaɗa ne daga wani ƙauye a ƙasar Gidimuni, babu wanda ya taɓa riƙe alƙalamin boko a zuriyarmu. Na sa aikin nan a raina har abinci ya daina yi mini daɗi.

Sau uku na sake rubuta takardata saboda ɗigon tawada. Na ari dutsen guga, na wanke wuyan nan har ya yi zafi, na tafi biro na shiga layi. Wani tsohon komi ne ke karɓar takardu. Ya yaba rubutuna, sannan ya buɗe takardar haihuwa, ya ƙirga da yatsa, ya turo mini kayana.

Ya ce, "Yaro, shekarunka sun haura na kankur. Da biyu ma."

Na ce, "Mushe, wanda ka karɓa yanzu a gabana ai ya girme ni."

"Ni takarda nake dubawa, ba fuska ba."

Da ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya sassauta murya. Ya ce in kawo wanda ya ba da shaidar shekaruna tun farko, ya tsaya gaban alƙalin nasara ya ce kuskure aka yi, a gyara. Saura kwana goma a rufe karɓa.

Washegari na hau motar gyaɗa na tafi gida. Inna ce ta warware mini zancen tana sussukar gero, ko kallona ba ta yi. Shekarar da mutanen mai gari suka zo rubuta yaran da za a kai lakwal, Baba ya ƙara mini shekara uku don a ce na yi girma a bar masa ni. Bature ya buɗe bakina ya duba haƙora, ya ce a tafi da ni. Amma mai rubutu ya riga ya rubuta abin da Baba ya faɗa. Ƙaryar ba ta hana a ɗauke ni ba, sai ta bi ni ta kwanta a cikin takarda tana jirana.

Kwana uku ina roƙon Baba. Na durƙusa, na sa Inna ta sa baki, na yi masa alkawarin buhun gero duk wata. Yana ji yana gyaran ƙotar hauyarsa. A rana ta huɗu ya sa rigarsa ta salla ya ce mu je. Na ɗauka na yi nasara, har na riƙa yi masa hira a mota kamar wawa.

A kotu tafinta ya yi masa bayani dalla-dalla, ina tsaye ina ji.

"Tsoho, bature ya ce tsohuwar magana ce, ba ɗauri, ba tara. Da yawa sun yi irinta. Ka faɗi shekarar da aka haifi yaron nan kawai, a gyara masa."

Baba ya dubi ƙasa, ya dubi tafinta. Ni bai dube ni ba.

Ya ce, "Abin da na faɗa da fari, shi ke nan. Ban yi kuskure ba."

Tafinta ya sake tambaya, har ya ɗan ɗaga murya don tausayina. Baba ya maimaita. Bature ya ɗaga kafaɗa, ya rufe littafi, aka kira na gaba. Duk abin bai kai daɗewar shan fura ba.

A waje, gindin wata bishiyar bedi, na ce, "Baba, me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. Shekara shida na ba su aronka, ba su ce mini kyauta ba ce. Ƙannenka duk mata ne, gwiwata ta mutu. In ka zauna a kujera, wa zai riƙe gona?"

"To don me ka biyo ni har nan?"

"Da na ƙi zuwa, da ka nemo wani ya tsaya maka."

Ashe ya yi lissafinsa tun a gida. Ya zo ne ya rufe ƙofar da hannunsa, kada wani ya buɗe ta a bayansa.

Na koma gona. Da aka sami mulkin kai, ina tsugune ina cirar gyaɗa labari ya iso mu. Ƴan ajinmu suka hau kujerun da nasara suka bari, har da wanda ya shekara yana leƙen allona. Wani lokaci sukan zo ƙauyenmu a mota wajen aikin ƙidaya, su gaishe ni da faransanci don su burge mai gari, ni kuwa in amsa da hausa. Baƙin ciki nake ji, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Na yi noman, na aurar da ƙannena, ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba. Amma hira ta ƙare tsakaninmu, sai gaisuwa da zancen iri.

Ranar da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka kira ni daga gona. Ya kama hannuna, ya ce, "Maganar Damagaram ɗin nan. Ka yafe mini."

Na ce na yafe, don ɗakin cike yake da mutane.