Jiƙon Harawa a Bayan Rumbu

Wata biyu ke nan da faruwar abin, amma har yau in na ji sallamar namiji a zaure sai in shige ɗakin Inna in ɓuya.

Bara, shekarar da aka ba mu mulkin kai, ina aji uku a sakandaren 'yan mata. Baturiyar da ke koya mana aikin lambu tana haɗa kayanta za ta koma ƙasarsu, sai ta yanko mini rassan furen wardi uku ta dasa a gwangwanin madara. Ita ta koya mana jiƙa wata ciyawa, alfalfa, a ruwa kwana biyar, ana motsawa kullum har ya yi kumfa, sannan a tace, a surka, a ba shuka. Na ce mata mu a Bagudo ba mu san ciyawar nan ba. Ta ce ai dangin wake ce, in gwada harawa.

Da na zo hutu na dasa wardin a gefen rijiya, kusa da yakuwa da tattasan Inna. Na ɗebi harawar ragon Baba na cika tsohuwar randa da ita, na zuba ruwa, na rufe da faifai a bayan rumbu. A kwana na huɗu ta soma tsami, kumfa na tasowa, warin har tsakar gida. Inna ta toshe hanci ta ce, "Ke da bokonki, ko furen ma sai an dama mashi fura?" Muka yi dariya.

Ran nan maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya. Mace ce mai fatauci, tana kai busasshen kifi Illo, wani lokaci har ta tsallaka Dahomai. Ta bi wari ta ɗaga faifan. Ta daɗe tana kallo.

"Ɗiyata, mi kika dahawa nan?"

"Taki ne, Goggo. Na shuka."

"Taki mai kumfa? Ni dai na ga irin tukunyar ga can ƙetare, kuma ba shuka ka shan ta ba."

Ta fita, rariyar ma ba ta ɗauka ba.

Washegari bayan azahar 'yan doka biyu suka yi sallama, ba su jira amsa ba suka shigo har cikin gida. Inna ko lulluɓi babu. Suka ce an kai ƙara ana dafa burkutu a gidan nan. Suka juye jiƙon a babbar ƙwarya, suka ɗora mini a ka, suka sa ni gaba zuwa ƙofar mai gari. Ruwan na zubo mini a wuya. Mata na leƙowa ta kan danga. Na ji wata tana cewa, "To ga ilimin an kawo muna gida."

A gaban dattawa na faɗi komai dalla-dalla. Na roƙe su wani ya ɗanɗana ya ji. Babu wanda ya motsa. In giya ce, wa zai kai ta bakinsa a bainar jama'a, alhali yana jiran la'asar da alwalarsa? Kowa ya kawar da kai.

Tsoro ya sa na yi wauta. Na tsoma hannu biyu na kamfata na sha, don su gani. Ruɓaɓɓen ruwa ne na kwana biyar. Kan in miƙe jiri ya ɗebe ni, na yi tangaɗi, na durƙusa ina amai a gaban mutane.

"Kun gani ko? Ta bugu!" in ji wani daga baya.

Mai gari ya ce a sallame ni saboda darajar Baba. Bai ce giya ce ba, bai kuma ce ba ita ba ce.

Baba ne kaɗai a unguwarmu ya bar ɗiyarsa ta wuce firamare, ya sha surutu a kai shekara da shekaru bai tanka ba. Ana saura kwana uku in koma makaranta ya kira ni zaure. Na durƙusa. Bai dube ni ba.

"Na san harawa ce," ya ce. "Ni nika ba ragona, na san warinta."

"To Baba, ka faɗa masu mana."

"Na faɗi. A masallaci na faɗi. Da munka tashi salla, wanda ka tsaye a damata ya matsa ya bar hili tsakaninmu."

Ya ci gaba da murza carbi. Can ya ce ba zan koma ba.

Na ce ko zuwa baɗi, in maganar ta lafa? Ya miƙe ya sa takalminsa ya fita.

Motar da ke kwasar 'yan makaranta ta tashi ran Asabar da hantsi. Daga ɗakin Inna na ji ƙararta. An ce direban ya jira ni kaɗan, har ya aiko a tambaya, Inna ta ce a gaya masa ba ni da lafiya. Wardin ba na ba su ruwa. Inna ke zuba masu sauran na wanke-wanke in ta tuna. Ni tun ranar ko zaure ban ƙara takawa ba.